Ku kira ni marowaci, amma ku fara biyan Baba mai shayi

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, musamman mu na Ibadan.

Rubutun nan zai yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare. Kuma tun yanzu ina ba da haƙuri, don na san akwai waɗanda za su ji zafi. Ni ma sai da na ji nawa zafin kafin na iya rubuta shi.

Kwana huɗu ke nan ana jifata da magana a zauren WhatsApp na ƙungiyarmu saboda na ce ba zan biya dubu talatin da biyar na anko da dinar yaye ɗalibai ba. Wani ya ce na zama Bature. Wani ya ce tun da na fara digiri na biyu nake ji da kai. Wani kuma, wanda nake ganin girmansa, ya ce rowa ce kawai nake lulluɓewa da wa'azi. Duk na karanta, ban tanka ba. Abin da ya sa na kasa ci gaba da shiru shi ne, shekaranjiya wani yaro ɗan aji biyu ya same ni bayan Magariba, ya ce, "Yaya, don Allah zan sa lambarka a matsayin mai tsaya min, akwai wata manhaja da za ta ba ni dubu arba'in, in samu in biya kuɗin ankon nan kafin a rufe." Yaron nan na san mahaifinsa a tasha yake faci. Na san sau biyu yake cin abinci a rana, ran da ya samu. Zai je ya ci bashin ruwa don ya ɗinka shadda ya zauna awa uku a zauren taro a ɗauke shi hoto.

Na ce masa ya zauna. Abin da na gaya masa shi ne zan gaya muku.

A watan Yulin 2024 ana bina bashin naira 386,500. Na san adadin har da ɗari biyar ɗin ƙarshe domin ranar na zauna na rubuta shi a bayan littafin lakca, hannuna yana rawa. Manhajojin bashi guda uku suna bina 171,000. Matar yayana tana bina 80,000, kuɗin adashinta ne da ta ɗauka ta ba ni ba tare da mijinta ya sani ba. Wani abokin ajinmu Bayarabe 60,000. Mai shagon da nake ɗaukar kayan abinci a Sabo 47,000. Baba mai shayi na bakin layinmu 21,500. Mai wanki da guga 7,000.

Waɗanda suka san ni a lokacin za su yi mamaki, don ai ni ne mai kari a kafaɗa, ni ne mai cewa "a kawo tsire na biya", ni ne ba a yin anko babu ni. Cikin wannan kuɗin gaba ɗaya, abin da ya shiga karatu bai kai dubu casa'in ba: gyaran kwamfuta da cikon kuɗin rajista. Sauran fa? Na ƙara kuɗi na sauya waya. Anko biyu. Dina biyu. Tafiyar Sallah gida da tsarabar da ta fi ƙarfina, don kar a ce wanda ke mastas a Kudu ya dawo hannu rabbana. Data da kati da nake tura wa wata baiwar Allah wadda yanzu tana ɗakin mijinta, Allah Ya ba su zaman lafiya. Sai tsire da lemo na zaman dare. Duk cikinsu babu abin da zan iya ɗaga muku yau in ce ga shi, ban da shaddojin da suka koɗe.

Eh, na san abin da za ku ce: rayuwa ce ta yi tsada. Gaskiya ne, kuma ba na musun ta. Na zo garin nan 'yan watanni bayan an cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023. Man da muka sani a ƙasa da naira ɗari biyu ya wuce ɗari shida, kafin ƙarshen 2024 ya haura dubu. Kuɗin motar gida ya ninka. Hauhawar farashi ta kusa talatin da biyar cikin ɗari a Disambar 2024. Dubu arba'in ɗin da yayana ke turo min duk wata ta koma kamar goma sha biyar a hannu. Duk wannan ya faru. Amma tsadar nan ta sami kowa, har abokin ajin nawa da ya ranta min dubu sittin. Shi ya rage kashewa. Ni na ci gaba da kashewa kamar da, na cike giɓin da kuɗin mutane. A nan bambancinmu yake, kuma Tinubu ba shi ya ɗinka min shadda ba.

Bari in gaya wa ƙannenmu yadda manhajar bashi take aiki, tunda wasunku suna ganinta kamar wani kawu ne mai tausayi da ke zaune a cikin waya. Ta farko da na taɓa, na nemi dubu talatin. Aka turo min 25,500, wai an cire kuɗin hidima. Bayan kwana bakwai zan biya 33,000. Ku yi lissafin da kanku: 7,500 a kan 25,500, kusan talatin cikin ɗari ke nan a sati ɗaya tak. Ran da kwana bakwai suka cika ba ni da shi, sai na buɗe ta biyu na ranto na biya ta farko. Ta farkon ta aiko min da saƙon taya murna, wai na zama amintacce, yanzu zan iya karɓar dubu hamsin. Na karɓa. Haka na riƙa yi, in tona wannan rami in cike wancan, kuma kowane sabon rami ya fi na baya zurfi. In ka makara kwana ɗaya akwai tara, kullum tana hawa ko kana barci.

Ta ukun ita ta kashe ni. Ba a Play Store na same ta ba, wani ne ya turo min mahaɗinta ta WhatsApp. Tun a 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke rumbunsa taɓa lambobin wayar mutum da hotunansa, kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas tun a Maris ɗin 2022. Shi ya sa miyagun cikinsu suka koma bi ta bayan gida. Da zan sauke ta, ta nemi izinin shiga lambobina, na danna "na yarda" ko karantawa ban yi ba, don alat nake jira. Na makara kwana biyar. Ranar ta shida da safe saƙo ya shiga wayar kusan duk wanda na taɓa ajiye lambarsa, da hotona, cewa ni ɗan damfara ne da ya gudu da kuɗin kamfani. Ya shiga wayar malamin da ke duba bincikena. Ya shiga wayar limamin unguwarmu a gida. Ya shiga wayar kawuna, shi kuma ya ɗauka ya kai wa mahaifiyata ya karanta mata.

Ta kira ni. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi min sauƙi. Cewa ta yi, "Ɗan nan, yunwa kake ji a can ba ka faɗa ba? Ai da na sayar da tunkiyar nan." Wallahi ina tsaye ne sanye da shaddar dubu ashirin da takwas lokacin da take wannan maganar. Na rasa bakin da zan ce mata ba yunwa ba ce, Inna, ƙarya ce.

To wannan shi ne rufin asirin da muke cin bashi dominsa. Mun ce muna gudun raini, muna gudun a ga gazawarmu a ƙasar mutane. Ni na gudu na gudu, sai ga asirina a wayar mutum ɗari uku rana ɗaya.

Amma ba manhajojin ne suka sa na yi wannan rubutun ba. Su 'yan kasuwar riba ne, sun san abin da suke yi, kuma duk wanda ya je wurinsu ya san hukuncin riba tun a Islamiyya, har da ni. Wanda ya tsaya min a rai shi ne Baba mai shayi, da ire-irensa.

Ku tsaya ku duba su waye muke ci wa bashi a garin nan. Banki ba ya ba mu. Lakcara ba ya ba mu. Masu ba mu su ne mai shayi, mai shago, mai wanki, mai tsire, ɗan acaɓa, mai gyaran takalmi. 'Yan uwanmu ne da suka baro gida tun kafin a haifi wasunmu, suna kwana a kan benci ko cikin shago, suna tara ɗari biyar-biyar su aika wa iyali. Suna ba mu bashi ne ba don suna da shi ba, sai don suna jin daɗin ganin ɗan Arewa a jami'a. Baba yana cewa, "Ɗalibi ai ɗa ne, in bai ci a wurina ba a ina zai ci?" Shi da kuɗi hannu yake sayo burodi da ƙwai da madara kowace safiya, babu mai ɗaga masa ƙafa. Dubu ashirin da ɗaya da ɗari biyar ɗin da na riƙe masa wajen kiret huɗu ne na ƙwai a lokacin. Jarinsa ne na cinye, soyayye, da yaji.

Kuma kun san abin da na yi da bashin ya taru? Na sauya hanya. Wata biyar ina zagayawa ta bayan layi don kar mu haɗa ido. Na koma shan shayi a wani teburin, inda nake biya nan take, saboda shi wancan bai san ni ba, ba zai ba ni bashi ba. Wato wanda ya yi min alheri shi na hukunta, wanda bai yarda da ni ba shi ya ci cinikina. Kar wani ya yi min kallon mamaki, da yawanku haka kuke yi yanzu haka.

Ran da na kai masa kuɗinsa, ya ɗauko littafin nan mai baƙin bango da duk kun sani, ya lalubo shafina ya ja layi. Sannan ya ce, "Malam, Allah Ya yi maka albarka. Cikin waɗanda suka daina zuwa, kai ne na uku da ya taɓa dawowa." Na uku, jama'a. A shekarun da ya yi a bakin layin nan. Yana buɗe shafukan na ga sunaye. Na ga na waɗanda suka gama suka tafi bautar ƙasa, ana ba su dubu saba'in da bakwai duk wata yanzu, ba su waiwayo ba. Na ga na waɗanda ke rubuta dogayen maƙaloli a Facebook a kan talaucin Arewa da zaluncin shugabanni. Na ga na wasu da ke cikin kwamitin dinar nan. Ba zan faɗi suna ba, kowa ya san kansa. Amma mutumin da ya danne dubu goman mai shayi yana ɗalibi, ban san me zai hana shi danne kuɗin asibitin ƙaramar hukuma ran da aka ba shi kujera ba. Hannun ɗaya ne, kuɗin ne kawai suka ƙaru.

Yanzu bari in ɗauki hujjojin da aka jefo min a zaure.

An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Haka ne, Hausawa sun faɗa. Amma sun faɗe ta ne don kar a wulaƙanta wanda larura ta kama, ba don mai shadda uku ya ɗinka ta huɗu ba. Akwai ɗalibai a cikinmu da ke rance don rajista za ta rufe, ko don zazzaɓi ya kwantar da su, ko don tukunya ta kwana biyu ba ta hau wuta ba. Ba da su nake ba, ko kaɗan. Hasali ma su ne ya kamata kuɗin ƙungiya ya tafi wurinsu. Ga 'yan digirin farko ma akwai lamunin NELFUND da aka buɗe a 2024, babu ruwa a kansa, yana biyan kuɗin makaranta har da dubu ashirin na kashewa duk wata, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Shi ma bashi ne, za a biya shi, kar wani ya ɗauke shi rabon ganima. Amma ina mamakin yaron da bai taɓa zama ya cike wannan fom ɗin ba, sai ga shi da manhajar kwana bakwai har uku a waya.

An ce dole mu fito da kyau mu nuna al'adunmu, kar 'yan Kudu su raina mu. Wannan ita ce hujjar da ta fi ba ni haushi, domin ni ma da ita na yaudari kaina. Wace al'ada? A gidan wa aka koya mana cewa mutunci shi ne mutum sittin su sa yadi iri ɗaya? Kakana riga biyu gare shi, ta Juma'a da ta gona, kuma har ya rasu in ya yi magana a ƙofar fada ana saurare, saboda babu mai binsa ko sisi. Sannan raini da kuke tsoro, ku zo in gaya muku inda yake. Abokin ajina da ya ba ni dubu sittin bai taɓa raina ni don ina maimaita riga ba. Ranar da ya raina ni ita ce ranar da ya ga hotona a sitatus ina cin kaza a dina, alhali sati uku ina ce masa "gobe insha Allah". Washegari ya tambaye ni, cikin ladabi, ko "insha Allah" a wurinmu tana nufin a'a ne. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ba ni kaɗai na zubar wa mutunci ba ranar, har da kalmar da na ara na yi ƙarya da ita. Wanda ke son a girmama ɗan Arewa a makarantar nan, to ya zama in ɗan Arewa ya ce Laraba, Laraba ce.

An ce ai zumunci ne, wanda ya ƙi shiga anko ya ware kansa. Zumuncin da sai mai dubu talatin da biyar zai shiga? A bara yara nawa ne suka ƙi zuwa taron nan suka ce ba su da lafiya, alhali lafiyarsu ƙalau, kuɗin yadi ne babu? Mun san su. Mun yi kamar ba mu gani ba. Ƙungiyar da aka kafa don yaron da ya sauka a Ojoo da jakar Ghana-must-go bai san kowa ba ya sami wanda zai riƙe hannunsa, ita ce yau take tura shi wurin masu riba don ya sami shiga cikinta.

Sai masu cewa abin da ka ci shi ne naka, duniya ba tabbas. To ai saboda ba tabbas ɗin ne nake jin tsoro. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take. Kuma duk mun ji yadda Manzon Allah (SAW) ya dakata da yi wa wani mamaci salla saboda ana binsa bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Mu da muke bin hanyar Ibadan zuwa gida cikin dare, ta Ilori da Mokwa da Tegina, mun fi kowa sanin cewa mutum zai iya barin tasha bai isa ba. Ni ba malami ba ne, na tsaya nan.

Yadda na biya ba wani sirri ba ne, kuma babu daɗi a cikinsa. Na sayar da wayar 135,000 na sayi ta 45,000, abin da ya rage na watsa wa manhajojin don su ne bashinsu ke girma kullum. Na kira sauran ɗaya bayan ɗaya na gaya musu gaskiya: ba ni da shi yanzu, ga abin da zan iya duk wata. Wannan kiran ya fi sayar da wayar wuya nesa ba kusa ba. Matar yayana ta yi kuka, don ashe zubin adashin ya zagayo tana ta kame-kame. Na sami koyar da yara lissafi a gida biyu da yamma. Ranar Asabar ina zuwa kasuwar Bodija in riƙe wa wani dillalin wake littafin shiga da fita, yana ba ni dubu biyar da abincin rana. Lokacin furojet ina yi wa 'yan ajin ƙarshe lissafin bayanansu a kwamfuta. Duk kuɗin da ya shigo, kafin in sayi ko ruwan leda sai na cire na masu bashi. Wata goma sha huɗu aka yi ana wannan. Kuskure ɗaya da na yi wanda har yau yake damuna: na bar Baba da mai wanki a ƙarshen layi, saboda su ba sa kira, ba sa zagi. Da zan sake, da su zan fara, ko da dubu bibbiyu ne. Mai haƙuri shi muke mayarwa baya, kuma ba daidai ba ne.

Bayan na gama ban koma gidan jiya ba, kuma wannan ne ake kira rowa. To ga rowar tawa, ku auna. Ina dafa abincina. Ina sayen wake da shinkafa da gari a Bodija da kwango, sau ɗaya a wata, ba ƙulli-ƙulli a shago ba. In zan dawo daga gida ina cika jaka da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji da ƙuli-ƙuli da garin kunu, abin da ke kai ni wata huɗu. Garau-garau da ɗanwake ba su taɓa hana kowa cin jarrabawa ba. Manyan abubuwa sai na je laburare nake saukewa, datar wata ɗaya kuma in ta ƙare ta ƙare. Inda ƙafa za ta kai ni cikin minti ashirin ba na hawa acaɓa. Gida sau ɗaya nake zuwa a shekara, Babbar Salla, tsarabata kuma ba ta wuce abin da ke aljihuna. Kaftani huɗu gare ni, ni nake wanke su. Duk abin da na kashe ina rubutawa da daddare, ko naira ɗari ce. Kuma ina da dubu sittin a ajiye da ba na taɓawa, na ranar da za a kira daga gida a ce taho yanzu.

Ba zan yi muku ƙarya in ce rayuwar nan daɗi gare ta ba. Akwai daren da ƙamshin tsire ke biyo ni har ɗaki. Akwai abokan da suka daina kirana tun da na daina cewa "na biya", kuma da farko abin ya yi min ciwo. Har ila yau na taɓa wuce gona da iri: watannin farko na riƙa tsallake abincin safe da na rana don in gama biya da wuri, sai gyambon ciki ya kama ni, kuɗin magani ya cinye abin da na tara na sati shida. Don haka kar wani yaro ya karanta wannan ya je ya kashe kansa da yunwa ya ce ni na ce. Ka ci ka ƙoshi, abin da ya fi ƙarfinka ne za ka bari.

Amma ku gaya min wane ne marowaci tsakanin ni na yanzu da ni na da. Na da yana saya wa mutum takwas tsire da kuɗin adashin matar yayansa, mahaifiyarsa kuwa shekara guda bai aika mata ko kati ba. Na yanzu ba ya sayen tsire, amma duk wata Inna tana ganin dubu biyar, kuma da yaron ɗakin kusa da ni ya kwanta asibiti ni na biya kuɗin gwaji ban ranto ba. Kyautar da na riƙa yi a da ba tawa ba ce, ta Baba ce, ni dai na karɓi godiyar.

'Yan uwa mata, ban manta da ku ba, kuma na san naku matsin ya fi namu: leshi, gwaggwaro, kwalliya, takalmi, jaka, kowace dina da nata. Wasunku sun yi min magana a ɓoye sun ce sun gaji amma suna tsoron su zama su kaɗai. Ba ku kaɗai ba ne. Kuma bashin da mace kan shiga don anko wani lokaci ba da kuɗi ake neman ta biya ba, kun fi ni sanin wannan.

Ga abin da zan kawo a taron ranar Asabar, na faɗa tun yanzu don kar a ce na yi wa kowa kwanton ɓauna. A soke anko na dole, kowa ya zo da fararen kayan da yake da su. A mayar da dinar walima a harabar masallaci, shinkafa da zoɓo, kowa dubu uku, wanda ba shi da shi ya zo haka nan. Abin da ya yi saura a buɗe asusun rance marar ruwa na rajista da asibiti, a rubuce, da shaidu biyu. Sannan duk mai gamawa, kafin a kira sunansa a ba shi takardar yabo ta ƙungiya, a aika mutum biyu wurin Baba da mai shago da mai wanki su duba littafi. Na san wannan na ƙarshen shi zai tayar da ƙura. To ta tashi.

Yaron da ya zo neman lambata bai sauke manhajar ba. Mun zauna mun rubuta abin da ke shigo masa da abin da ke fita, ya ga da idonsa cewa dubu arba'in ɗin nan abincinsa ne na wata ɗaya da rabi. Ya ce to in bai sa anko ba da wa zai zauna a wurin taron. Na ce da ni, zan zo da tsohon farin kaftanina, in ya ga dama mu zauna a layin gaba.

Duk wanda bashi ya sha masa kai kuma yake jin kunyar faɗa, ya same ni ta akwatin saƙo, babu mai ji. Ba ni da kuɗin da zan ba ka, amma ina da biro da takarda, kuma zan raka ka wurin Baba in kana jin nauyin zuwa kai kaɗai. Yana buɗewa bayan Asuba.

Asabar, ƙarfe huɗu, bayan La'asar. Masu zagi ku taho da zaginku, amma kowa ya biya ta bakin layi tukuna.